Jawabi Ga Ɗaliban Ajin Ƙarshe A Kan Adabi Da Nahawu



A wannan makaranta aka koya mini cewa rubutaccen adabi kashi uku ne. Akwai zube, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda gasar 1933 ta haifar. Akwai waƙa, kamar Imfiraji ta Aliyu Namangi. Sai wasan kwaikwayo, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau. Kowanne kuka ɗauka, ku nemi jigonsa, wato saƙon da yake ɗauke da shi, da salonsa, wato hanyar da marubucin ya bi ya isar da saƙon.

A lokacin, jarrabawa kawai nake hange. Shekarar da na kama aikin gwamnati, na yi sharhi cikin Turanci a fayil ɗin wani dattijo mai neman fansho. Nufina in ce za a biya shi, amma na rikita lokutan aikatau, jimlar ta nuna an riga an biya. Aka rufe fayil. Wata uku tsohon nan yana zarya kafin a gano kuskurena. Har yau ina jin kunyar ranar da na ba shi haƙuri.

Saboda haka, ƙannena, ku riƙe nahawu da kyau, musamman bambancin shuɗaɗɗen lokaci da mai zuwa. Gobe wani zai ci abinci ko ya kwana da yunwa saboda jimlar da kuka rubuta.

Allah ya ba ku sa'a.