Ruwan da ke cikin tankin mai fenti

 

Duk lokacin da aka zauna zancen fesa roba a jikin gini ko ƙarfe, sai a ji masana sun tashi Jamus sun sauka Amurka. Gaskiya ne, a Jamus Otto Bayer da abokan aikinsa suka haɗa poliyuretan a 1937, kuma a kamfanin Texaco na Amurka aka fito da feshin poliyuriya a shekarun 1980. Katifar soso da kowa ke kwana a kai ma 'yar gidan ce, Vitafoam na yin ta a ƙasar nan tun shekarun 1960. Wannan duk sananne ne, a wuce wurin. Abin da mai wannan lacca ya daɗe yana jayayya da abokan aikinsa a kai shi ne, wannan fasaha ta riga ta iso Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, tana hannun masu fentin mota da kafintoci masu fesa gadon amarya, kuma babu wanda ya koya musu abin da suke riƙe da shi.

A je kowane gareji a bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, daga Sheme har 'Yankara. Za a tarar da yaro ya buɗe gwangwani biyu, babba da ƙarami. Babban fenti ne, ƙaramin shi suke kira hadina. Ya auna da gwangwanin madara, ya ƙara tina, ya motsa da tsinke, ya tace da tsohon ɗankwali, ya zuba a kofin bindigar feshi. Daga wannan minti abin da ke kofin nan ya fara aiki da kansa. Fentin gida bushewa yake yi, ruwansa ya tashi ya bar launi. Wannan kuwa sandarewa yake yi, domin sinadarin aisosiyanet da ke cikin hadina yana kama ɗan'uwansa na cikin fenti, su saƙa wata fata siririya da man fetur ba ya narkar da ita. Da wannan haɗi ake yin soso, da shi ake yin poliyuretan mai kumfa da ake fesawa ƙarƙashin kwano. Bambancin yaron gareji da injiniyan da ke da injin miliyoyi shi ne sauri kawai: haɗin yaron na ba shi sa'o'i kafin ya daskare a kofi, na injin kuwa a bakin bindiga ruwayen biyu ke haɗuwa, da zafi da matsi mai ƙarfi, cikin daƙiƙoƙi sun zama roba.

To, aisosiyanet yana da kishiya, ita ce ruwa. Idan ya samu ruwa sai ya bar abokin haɗinsa ya kama shi, ya saki iskar kabon. Masu katifa da gangan suke zuba ruwa, don iskar ce ke kumbura soso. A jikin bonet ko tankin kankare kuwa, wannan kumfa ita ce ƙurajen da ake gani, ita ce ƙananan hujojin nan kamar an caccaka da allura.

Nan ne mai lacca zai roƙi a yi haƙuri da lissafi, domin shi ne jigon maganar. Giram 18 na ruwa yana ba da iskar kabon wajen lita 24. Ke nan ƙaramin cokalin shayi guda na ruwa ya isa ya fitar da iska fiye da lita 6, a cikin fatar da kaurinta bai kai na farce ba. Daga ina ruwan zai fito, tunda babu mai zuba shi da hannunsa? Daga iskar da kwamfiresa ke zuƙa. A rana mai zafin digiri 30, akwatin iska mai mita ɗaya ta kowane gefe yana iya ɗaukar ruwa giram 30. A watan Agusta, idan danshi ya kai kashi 80 cikin ɗari, yana ɗauke da giram 24. Ƙaramin kwamfiresa mai zuƙar lita 200 a minti zai haɗiye irin wannan akwati 12 na iska a sa'a, watau ruwa kusan giram 290. Da zarar ya matse iskar a tanki, abin da za ta iya riƙewa bai wuce giram 40 ba. Saura giram 250 sai ya kwanta a gindin tanki. Rabin ledar fiyawata ke nan a kowace sa'a ta aiki.

A sake lissafin da iskar hunturu, zafi 25, danshi kashi 15. Abin da zai kwanta a tankin wajen giram 10 ne. Injin ɗaya, yaro ɗaya, fenti ɗaya, amma ruwan damina ya ninka na hunturu sau ashirin da wani abu. Shi ya sa mai mota zai ce fentin da aka yi masa a Janairu ya fi na Agusta ƙyalli, mai fenti kuma ya rantse an sayar masa da jabu a kasuwa. Wani lokaci jabun ne, ba a musu. Sau da yawa kuwa a sunkuya ƙarƙashin tankin kwamfiresa, akwai wani ɗan noti da tsatsa ta riƙe. A murɗa shi da filaya. Ruwa ne zai feso, ja kamar ruwan zoɓo, har ya jiƙa takalmi. Mai lacca ya sha yin wannan a gaban masu gareji, kuma amsar kusan ɗaya ce: “Malam, ashe buɗe shi ake yi?”

Bayan ruwan tanki akwai raɓa. Ƙa'idar masu fenti a duniya ita ce jikin abin da za a fesa ya fi ma'aunin saukar raɓa zafi da aƙalla digiri 3. Da safiyar damina a Sabuwa, zafi 23, danshi kashi 90, tazarar ba ta kai digiri 2 ba. Ƙarfen a ido busasshe ne, amma akwai laima a kansa. Mai fenti kuwa da sassafe yake son aiki, kafin iska ta tashi da ƙura. Da zai jinkirta zuwa hantsi, da ya tsira.

Wasu jami'ai sun fara zancen kawo injin poliyuriya don shafe tankunan ruwa da rumbunan hatsi, suna cewa ita ba ta tsoron danshi. Rabin gaskiya ce. Ba ta damu da danshin iska sosai ba, amma a fesa ta kan kankaren da bai gama bushewa ba, sai ta tashi ta saɓule kamar fatar maciji. Sabon kankare kwana 28 ake ba shi kafin a yi maganar shafi. Batun hatsi kuma, manomin masarar Faskari yana da buhun nan mai leda biyu a ciki da ke toshe wa ƙwari iska, ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Inda kumfar poliyuretan ke da amfani na gaske shi ne ƙarƙashin kwanon gidan kaji da ɗakin ajiyar allurar rigakafi, inda zafin Afrilu ke yin ɓarna. Ko nan ma sai an rufe ta daga rana da wuta.

Su kuma abokan aiki na jami'a, da an ce Ƙanƙara sai su ce farar ƙasa. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kanta, musamman a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma gasasshiyar farar ƙasa tana shiga fenti ta rage tsadar farin launin da ake shigowa da shi daga waje. Madalla. Sai dai ƙasa ce mai riƙe laima, wanda ya zuba ta ɗanya cikin haɗin da ke da hadina ya koma kan lissafin cokalin shayi. Takardu sun isa haka, ma'aikatar wanke ta da busar da ita ake jira.

Saura maganar ƙirji. Idan aka ambaci aisosiyanet wasu sai su tuna Bhopal ta Indiya a 1984. Wancan wani ɗan dangi ne daban, kuma a dare ɗaya ya yi kisa. Na gareji a hankali yake aiki. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce masu fesa fentin mota sun fi sauran ma'aikata haɗarin kamuwa da asma da wajen ninki 80, a ƙasar da ake da ɗakin feshi mai zuƙe iska. Hazon da ke yin illar, ido ba ya ganinsa, kuma yana nan a iska bayan an ajiye bindiga. Tarin ba lalle ya zo a wurin aiki ba, cikin dare yake tayar da mutum, sai a ce sanyi ne, a sayi maganin mura a kemis. Wanda jikinsa ya riga ya tsani sinadarin, ɗan kaɗan ma ya isa ya shaƙe shi, sana'ar ta ƙare ke nan. Hankicin da ake ɗaurawa a hanci, da takunkumin da aka saba da shi lokacin korona, da gwangwanin madarar da ake sha bayan aiki wai don wanke ƙirji, babu wanda ke tare shi. Abin da ke tarewa shi ne hular fuska mai kawo tsabtatacciyar iska ta tiyo. Tun 24 ga Agusta 2023 Tarayyar Turai ta wajabta horo ga duk ma'aikacin da zai taɓa waɗannan sinadarai.

Za a ce yankin na fama da abin da ya fi wannan, kowa ya san halin da hanyoyi da gonaki suke ciki. An ji. Amma matasan da suka baro ƙauyuka suka cika garuruwan nan, garejin da shagon kafinta su ne suka karɓe su.

Shawarar mai lacca ba sabuwa ba ce, wasu a zauren nan sun gaji da jin ta. Kafin a sa hannu a takardar sayen injin poliyuriya ko ɗaya, kowace ƙaramar hukuma cikin ukun ta tara masu fenti da kafintoci ta hannun shugabannin ƙungiyarsu, a yi musu kwana biyu da Hausa, a garejinsu, ba a otal ba. A ba kowane shago kofin awo mai layuka, da matatar ruwa da ake ɗaurawa a tiyon iska, da ɗan agogon auna danshi. Kwalejin Hassan Usman Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suna da ɗaliban da za su iya wannan koyarwa a matsayin aikin kammala karatu. Ma'aikatan asibitocin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuma, idan saurayi ya zo da tarin dare da shaƙewa, su ƙara tambaya ɗaya a kati: wace sana'a yake yi, kuma yana samun sauƙi a ranakun da bai je aiki ba?