Zancen Gobe da Turanci

Yau zancenmu a kan gobe ne, watau yadda ake faɗin abin da za a yi nan gaba da Turanci. Za mu duba hanya uku. Abin da ya raba su shi ne nisan da shiri ya yi.

Ta fari ita ce will. Ana faɗinta in yanzu mutum ya yanke shawara, ko kuwa ya ɗauki alkawari. Ka ga maƙwabcinka yana fama da buhun rogo, sai ka ce, "I will help you." Watau, zan taimake ka.

Ta biyu ita ce going to. Wannan ta niyyar da ta kwana a zuciya ce. Ga manomi a Runka, tun da rani ya ƙudura shuka gyaɗa. Sai ya ce, "I am going to plant groundnuts." Amma "I am going to Safana" tafiya ce, don sunan gari ya biyo. Kada wannan ya ruɗe ku. Mu ma mukan ce za ni Safana, mu ce zan shuka.

Ta uku ta shirin da aka gama ce, har an sa rana. "I am meeting my brother in Batsari on Thursday." Watau, ran Alhamis zan sadu da ɗan'uwana a Batsari, mun riga mun shirya. Kamar dai mu ce, jibi ina tafe.

To, ina amfanin wannan? A ce an rubuto maka, "We will bring fertilizer." Za a kawo taki ke nan, amma alkawari ne ba rana. Ka tambaya, "When?" watau yaushe. In aka ce, "We are bringing it on Monday," to, an shirya, ran Litinin sai ka fito da amalanke. Wanda bai rarrabe ba yakan bar noma da damina, ya wuni bakin hanya a banza.

Kai ma kada ka sa wa mutum rana sai ka tabbata. Alkawari kaya ne, ko da wane harshe aka ɗauke shi.

Kafin aji mai zuwa, kowa ya rubuto zance uku, ɗaya a kan kowace hanya. Sai mun sadu, in Allah ya yarda.