Jawabi Kan Ƙarfen Da Ake Sa Wa Mai Karaya

Jama'a, sau da yawa mutum yakan karye, a kai shi asibiti, likita ya ce sai an sa ƙarfe. Nan take dangi su ɗauke shi su gudu. Tsoronsu shi ne ƙarfen zai yi tsatsa a jiki, kamar fartanyar da ta kwana cikin ruwan damina.

Tsoron nan yana da dalili. Jikin ɗan Adam a jiƙe yake, ga ɗumi, ga gishiri. A kowace lita ɗaya ta ruwan jiki akwai gishiri kamar giram 9. Da ƙarfen maƙera ne, da tuni ya cinye.

Amma wanda ake aiki da shi a asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, daban yake. Yana da riga. Kowa ya san kwanon rufi: shafen da ke kansa shi ke hana shi tsatsa. To, haka wannan ma.

Akwai ƙarfen da ake haɗa shi da wani sinadari mai suna kuromiyam. Da ya sha iska, sai ya yi wa kansa wata 'yar fata wadda ido ba ya gani. Ita ce ke tare gishiri. Akwai kuma taitaniyam. Shi idan fatarsa ta kurje, nan da nan sabuwa za ta fito, kamar yadda rauni yake warkewa. A masana'anta sukan ƙara mata kauri da wutar lantarki, shi ya sa wasu ƙusoshin suke fitowa shuɗi, wasu ruwan zinare. Ba fenti ba ne.

Wani kuma akan fesa masa garin da ya yi daidai da sinadarin ƙashi. Sai ƙashi ya ɗauka ɗan'uwansa ne, ya manne masa. Tun 1952 wani likita a ƙasar Suwidin ya ga ƙashin zomo ya kama taitaniyam ƙam, har ya ƙi fita.

Sai dai rigar nan tana iya lalacewa, musamman idan ƙusa ta saki tana goga. Saboda haka wanda aka yi wa aiki kada ya taka ƙafa sai likita ya ba shi izini. Idan wurin ya kumbura, ko yana zafi, ko yana fitar da ruwa, a koma asibiti a ɗauki hoto. Kada a bari wani ya tsaga wurin a gida.