Lacca: Kalmar "fallacy" da amfanin saninta a fagen siyasa

 

Batun yau shi ne wata kalma ta Turancin Ingilishi, wato fallacy. Asalinta daga Latinanci ne, daga aikatau fallere, mai nufin ruɗarwa. Wanda ya yi karatun Faransanci zai ga ƴar'uwarta cikin kalmar fallacieux. Malaman manɗiƙi kuwa, da Larabci, mugalaɗa suke ce mata.

Kalmar tana da fuska biyu. Ta farko ita ce zato na kuskure da jama'a da yawa suka riƙe tamkar gaskiya. Ta biyu ita ce gurguwar hujja, wadda ke da daɗin ji amma ba ta kai mai ita inda yake cewa ta kai shi. Ta bambanta da ƙarya, domin maƙaryaci ya san gaskiya ya ɓoye ta, alhali mai gurguwar hujja sau da yawa shi kansa ya ruɗu. Ta kuma bambanta da camfi, wanda tushensa tsoron gaibu ne.

Masanin Girka Aristotal ya lissafa iri 13 na wannan ruɗu. A shekarar 1824 aka buga littafin Baturen Ingila Jeremy Bentham a kan waɗanda ƴan majalisa ke amfani da su. An kasa su gida huɗu: fakewa da girman wani, tsoratarwa, jinkirtarwa, da rikita zance.

Misalan ba su da nisa. A watan Fabrairu 1990, a Abijan, Jacques Chirac ya nuna cewa tsarin jam'iyyu da yawa wani alatu ne da ƙasashe masu tasowa ba su da halinsa. Wannan ita ce hujjar jinkiri: ba a ce abin mugu ne ba, an ce dai a dakata. Ranar 29 ga Yuli 1991 ƴan Nijar suka buɗe Taron Ƙasa a Yamai, a 1993 kuma suka zaɓi shugaba tsakanin ƴan takara da dama.

Misali na biyu shi ne ɗaura damina a wuyan mai mulki, a ce wane da goshi ya zo, wane da farar ƙafa. An yi fari a 1973 zamanin Diori Hamani, an sake yi a 1984 zamanin Seyni Kountché. Ruwan sama ba ya bin sunan shugaba. Abin da ake tuhumar shugaba a kai shi ne tanadin abinci da adalcin rabonsa.

Na uku shi ne barin magana a kama mai magana. Ɗan adawa ya tambayi inda kuɗin asibiti suka shiga, sai a amsa masa da zancen ƙabilarsa ko garinsu. An yi dariya, an watse, tambayar tana nan.

Saboda haka ya kamata mai ƙuri'a, duk lokacin da ya ji jawabi, ya tambayi kansa abu biyu: shin abin da aka faɗa haka yake? In haka yake, shin ya isa hujja ga abin da ake neman ya yarda da shi? Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, wanda kuwa aka ruɗa ranar zaɓe, shekara biyar zai yi yana biyan bashin.

Allah ya sa a gane. Wassalam.