Ɗan Hakin da Aka Rena: Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu



Maganar da za a yi yau ba ta manyan dokoki ba ce. Magana ce ta ƙananan abubuwan da ke faruwa kullum a zauren hakimi: wanda aka saurara da wanda aka kora, yaron da aka lura da shi da wanda aka ƙyale, abin da aka rubuta da abin da aka ce a bari sai gobe. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka rena shi kan tsone maka ido. To, haka kuma ɗan alherin da aka rena shi kan ɗaukaka mutum. Ba sai an je nesa neman misali ba, gama ƙasar nan ta ga abin da idonta.

Cikin 1931 wani saurayi mai suna Ahmadu, ɗan Sarkin Raba Ibrahim, ya gama karatu a Kwalejin Katsina, ya koma Sakkwato yana koyarwa a Makarantar Midil. Jikan-jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, amma irinsa suna da yawa a ƙasar Sakkwato, kuma a lokacin nan ba a saba ɗaukar malamin makaranta a naɗa masa rawani ba. Cikin 1934 sarautar Raba ta faɗi. Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya duba, ya zaɓi wannan malami, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya ba shi gunduma. A ranar nan ba wanda ya ɗauki al'amarin da girma, naɗin hakimi ɗaya ne cikin hakimai masu yawa. Amma da Sarkin Musulmi bai lura da shi ba, mai yiwuwa ne da ya tsufa da alli a hannu.

Cikin 1938 Sarkin Musulmi Hasan ya rasu. Ahmadu yana cikin waɗanda suka nemi gadon, amma Allah ya ba Abubakar na Uku. Sabon Sarki ya ba shi sarautar Sardauna, aka turo shi Gusau ya riƙa duba gundumomin gabas. A nan ma akwai zaɓi. Wanda ya nemi sarauta bai samu ba, yana iya komawa gida ya naɗe hannu, ya ƙare kwanakinsa da gunaguni. Shi bai yi haka ba, ya karɓi aikin. Gusau kuwa a lokacin gari ne mai tasowa, domin hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda cikin 1929. Auduga da gyaɗa suna fita, baƙi daga kudu da arewa suna shigowa. A nan ya koyi zama da Bature da ɗan kasuwa da manomi da makiyayi, ya san yadda kuɗin baitulmali ke shiga da yadda suke fita. Makarantar mulkinsa ta gaskiya a ƙasar nan take.

Cikin 1943 jarrabawa ta same shi. Aka kai ƙararsa a kan kuɗin jangali, aka yi shari'a a Sakkwato, aka yanke masa ɗauri. Mutane da yawa suka ce ai tasa ta ƙare. Shi kuwa ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu a Zariya, wani lauya Bayarabe mai suna Bode Thomas ya tsaya masa, kotu ta wanke shi. Malaman hakimai su lura da wannan da kyau: mutuncin babban mutum ya kusa zubewa a kan maganar lissafin shanu da kuɗinsu. Abin da malami ke gani ɗan aiki ne, watau rubuta adadi daidai da ba da rasit nan take, shi ne katangar da ke tsakanin ubangidansa da kurkuku.

Bayan shari'a ma da sauran zaɓi, ko ya riƙe abin a zuci, ko ya bari ya wuce. Cikin 1944 ya koma Sakkwato ya ci gaba da aikin En'e ƙarƙashin Sarkin Musulmi Abubakar. Daga nan ya tafi Ingila cikin 1948 ya ga yadda suke tafiyar da mulkin garuruwansu, ya shiga Majalisar Jihar Arewa cikin 1949, ya zama Firimiya cikin 1954, ya riƙe wannan aiki har ranar 15 ga Janairu 1966 da aka kashe shi a Kaduna. Mahaƙurci mawadaci.

Wanda aka lura da shi kuwa, shi ma yakan lura da wani. Akwai wani ɗan alƙali, mutumin Gummi, Malam Abubakar Mahmud. Da ya gama Makarantar Shari'a ta Kano, aikinsa na fari shi ne malamin alƙali a Sakkwato, watau irin aikin rubutun da da yawa cikin masu sauraron jawabin nan suka sani. Cikin 1949 ya zo koyarwa Maru, nan gaba da Bunguɗu kaɗan, inda ya zauna tare da Malam Aminu Kano. Bayan haka ya tafi ƙaro ilmi Sudan. Cikin 1955 ya ƙetara zuwa aikin haji, ya iske Sardauna da jama'arsa a Ƙasa Mai Tsarki. Suna bukatar wanda zai ba su salla, ya kuma yi musu tafinta da Larabawa. Malamin nan ya yi, bai ce ba aikinsa ba ne. Sardauna ya riƙe shi a zuci. Cikin 1957 aka sa shi duba al'amuran alhazan Nijeriya a Jidda, cikin 1962 ya zama Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa. Daga baya ya fassara Alƙur'ani mai girma da Hausa, aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal cikin 1987, ya rasu cikin 1992. Mutane sun sha bamban a kan wasu ra'ayoyinsa, amma ba mai musun cewa haɗuwar nan ta 'yan kwanaki ita ta buɗe masa ƙofa.

Kada wani ya ce ai waɗannan 'ya'yan manya ne. Gaskiya ne asali ya taimake su, ilmi ya taimake su, ƙaddara kuwa ta Allah ce. Amma 'ya'yan manya nawa suka shuɗe ba a san sunansu ba? Kuma in ɗan sarki ya bukaci wanda zai lura da shi, ina ga ɗan talaka a Ruwan Bore, wanda ba shi da kowa a birni? Shi dagacinsa shi ne Sarkin Musulminsa, malamin hakimi shi ne lauyansa.

Zamani ya sake. Mulkin En'e ya ƙare da gyaran 1976, Gusau ta zama babban birnin Jihar Zamfara cikin 1996. Amma har yanzu zauren hakimi shi ne ƙofar farko da talaka ke ƙwanƙwasawa. Kowa ya san wahalar da ƙauyukan ƙasar nan suka sha a hannun 'yan bindiga. Dalilanta suna da yawa, wasu sun fi ƙarfin hakimi. Amma cikinsu akwai rigingimun gona da burtali da mashaya waɗanda suka fara ƙanana, aka ƙi sauraronsu, ko aka yanke su da son rai, har wanda aka zalunta ya daina zuwa zaure.

Saboda haka ana roƙon hakimai da malamansu abu huɗu. Na fari, duk wanda ya kawo kuka, manomi ne ko makiyayi, a ji shi a ranar da ya zo, a kira shi da sunansa. Na biyu, duk sulhun da aka yi a rubuta shi, da kwanan wata da sunayen shaidu, a karanta wa masu shari'a su ji. Na uku, kowane dagaci ya san yaran ƙasarsa masu hazaƙa, maza da mata, musamman marayu da 'ya'yan waɗanda suka yi gudun hijira, in an ga ɗaya ya bar makaranta a je gidansu a ji dalili, gama zumunta a ƙafa take. Na huɗu, wanda aka yi saɓani da shi kada a rufe masa ƙofa har abada.

Ba ɗaya cikin huɗun nan da ke bukatar kuɗi ko izni daga Gusau. Abin da suke bukata shi ne haƙuri da ɗan lokaci. Wanda ya yi su mai yiwuwa ne ba zai ga amfaninsu da idonsa ba, kamar yadda Sarkin Musulmi Hasan bai ga ranar da hakimin Raba ya zama Firimiya ba. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.