Darasin Waƙar Karen Mota: Jawabin Ranar Zagayowar Kafa Ƙungiya

Shugaban taro, iyayenmu dattawan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa fatake maza da mata, barkanmu da ganin wannan rana.

Kusan dukkanmu mun taɓa jin muryar marigayi Ɗan Maraya Jos a cikin mota, tsakanin Maraɗi da Jibiya ko Ƙonni da Illela. Sunansa kaɗai darasi ne: maraya ya tashi, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya ci abinci har Allah Ya karɓi ransa a 2015. Yau muna so mu tsaya kan waƙarsa ta Karen Mota.

Mawaƙa sun saba wasa sarakuna da attajirai. Shi kuwa ya ɗauki yaron da ko sunan kirki ba a ba shi ba, ya yi masa waƙa. Mun san wannan yaro. Shi ke lodi, shi ke ɗaure tamfol, shi ke dirowa a guje ya sa wa taya waji idan mota ta tsaya a hawa, shi ke kwana ƙarƙashinta yana gadin kayanmu. Abin da muka fahimta shi ne, haƙurin da ake yabo ba na naɗe hannu ba ne. Yaron yana shan wuya, amma idonsa na kan sitiyari. Direbobi nawa muka sani da suka fara daga nan? Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, sai dai dutsen ba ya dahuwa in ba a iza wuta.

Mu ma mun ɗanɗana. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai Disambar 2020 aka fara buɗe su. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa har Maris 2024. Albasa ta ruɓe a buhu, dabbobi sun rame, canjin naira da sefa ya cinye ribar wasu har da uwar kuɗin. A yau akwai 'yan'uwanmu da ba su zo zauren nan ba saboda kunyar bashi.

Don haka roƙonmu uku ne. Wanda ke bin ɗan'uwansa bashi ya ƙara masa lokaci, a rubuta sabuwar yarjejeniya gaban shaidu. Wanda jarinsa ya karye kada ya ɓuya, ya zo a sa shi a adashe ko a ba shi kaya ya sayar ya kawo. Sannan mu biya yaran mota da 'yan dako haƙƙinsu kafin guminsu ya bushe. Ba daidai ba ne mu ji daɗin waƙarsu a hanya, mu tauye su a tasha.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a kasuwa.