Sawun Kakana a Dajin Bama



Tun ina yaro a 'Yargoje nake jin ana ce wa kakana "ɗan Bama". Abin da ya bar mana bai wuce lambar yabo mai siffar tauraro ba, sai takardar sallama daga soja wadda gara ta ci gefenta. Bayan ya rasu na farga cewa ban taɓa zama na tambaye shi abin da ya gani ba, alhali tarihi nake koyarwa.

Ga abin da bincike ya nuna mini. A 1943 Turawan mulki suka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka ɗebi samarinmu a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga Bama, wato Myanmar ta yau, don yaƙar Japan. Sun yi gumurzu a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka ci garin Myohaung a Janairun 1945. Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya je har can ya gaishe su. Barikin Kalapanzin da na Dalet da ke Kaduna, sunayen wuraren Bama suka ci.

Mai son bin sawun nasa kakan ya kula da suna, domin sau da yawa magatakardan soja kan rubuta sunan mutum haɗe da na garinsa, su bar na mahaifinsa. Lambar yabon kuwa ba a zana suna a jikinta. Saboda haka lambar soja ita ce mabuɗi, kuma a takardar sallama ake samun ta. Da ita za a tunkari ofishin Nigerian Legion, a duba Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna da tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wanda bai dawo ba, a nemi sunansa a intanet cikin kundin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth.

Sai dai takarda ba ta san kukan da uwa ta yi ranar tafiya ba. Wannan yana bakin tsofaffinmu, su kuwa ƙarewa suke yi. Hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa gidaje daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar akwatin takardu.

Roƙona gare ku shi ne, a wannan zangon karatu kowane malami ya sa ɗalibansa su tambayi dattawan gida, su rubuta abin da suka ji, su ɗauki hoton duk takardar da ta saura da waya. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya. Wassalam.